Inda na kai a koyon zanen kusa da nesa

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon zane. Tun da aka shigar da amfanin gona na samu sararin komawa kan fensir, kuma abu biyu na sa a gaba: yadda abu ke ƙanƙancewa in ya yi nisa, da yadda hannu zai ja layi ba tare da rawa ba.

Da layin dogo na fara. Wanda ya taso daga Kano ya nufi Nguru, da aka kammala a 1930, ya ratsa ta wajenmu a ƙasar Ringim, ga fili a shimfiɗe ba tudu ba kwari. In ka hangi ƙarafan nan biyu, waɗanda ka san ba sa haɗuwa, sai ka ga sun yi ta tsukewa har sun zama ɗigo ɗaya. Ɗigon nan daidai tsayin idonka yake. Ka tsuguna ya sauko, ka hau amalanke ya hau tare da kai. Shi ya sa yanzu kafin komai nakan ja layin ido a kwance, siriri, da fensir HB, wato mai matsakaicin baƙi. Abin da ke samansa, kamar bakin kwanon rufi, gangarowa yake yi zuwa ɗigon, abin da ke ƙasansa, kamar gindin bango, haurawa yake. Wani magini ɗan Italiya, Filippo Brunelleschi, shi ya nuna wannan ƙa'ida a aikace a birnin Firenze a farkon ƙarni na 15, kuma na ji daɗi ƙwarai da na san mai harkar gini ne.

Daga nan na koma ajin firamare na bulo, na zauna ta kusurwa inda bango biyu ke bayyana, kowanne da nasa ɗigon. A nesanta ɗigon biyu sosai, ko da za su fita daga takarda, in ba haka ba ginin zai matse. Turakun wuta kuma ga dabararsu: zana na farko da na biyu, ja layi daga kan na farko ya ratsa tsakiyar na biyu, inda ya taɓa layin da ya bi ta gindin turakun nan ne gindin na uku.

Inda na fi daɗewa shi ne zauren ƙasa na unguwarmu. Na miƙe hannu, na rufe ido ɗaya, na ɗora fensir a gefen bangon, sai na ga ya ɗan karkata ciki, alhali ƙa'ida ta ce layin tsaye ya tsaya kyam. Na tambayi wani dattijon magini da ke zama a dakalin: "Baba, idona ne ko ginin?" Ya ce, "Ɗana, ginin tubali da kauri ake fara shi daga ƙasa, yana hawa yana sirancewa, don gindi ya ɗauki nauyi." Ashe karkatar ta ginin ce, ba ta nisa ba. Don haka nakan fara zana akwati miƙaƙƙe da layi mara ƙarfi, sannan in sassaƙa zauren a cikinsa, in tausasa kusurwoyin da damina ta lashe, in ɗora zanko. A ganina wanda ya zana ginin ƙasa da rula ya raba shi da kyansa.

Batun hannu kuwa, biro na koma don in daina dogaro da abin gogewa. Ina ɗiga ɗigo biyu, in yi ta kai hannu tsakaninsu a iska ba tare da taɓa takarda ba, sannan in ja sau ɗaya, motsin daga kafaɗa yake fitowa, ba daga wuyan hannu ba. Ido yana kan ɗigon da za a isa, kamar yadda mai huɗa da shanu ke kallon ƙarshen kunya, ba bakin garma ba. In layin ya kauce, ku bar shi ku ja wani a gefe. Maimaita shi a kai ƙara fito da kuskuren yake. Takardar ma a juya ta zuwa inda hannu ya fi sakewa.

Hazon hunturu ya taimaka min da wani abu: kukar da ke nesa dishi-dishi ake ganinta, saboda haka ita layi mara nauyi, fensir 4B mai baƙi sosai kuma na abin da ke gabana ne.

Yanzu na shiga da'ira: bakin randa, bakin rijiya, jikin rumbu. Da'ira tana ƙara sirancewa yayin da take kusantar layin ido, in ta zo daidai shi ta zama miƙaƙƙen layi. Gefunanta biyu ne ke son yin tsini a hannuna, alhali ya kamata su lanƙwasa. Duk wanda ya wuce wannan gaɓa a cikinku, don Allah ya faɗa mana atisayen da ya yi masa amfani.