Horon ceto a Svalbard, inda taimako ke da nisa

Karatun duwatsu ne ya kai ni tsibiran Svalbard na ƙasar Norwe, amma a cibiyar jami'a ta UNIS da ke Longyearbyen ba a barin ɗalibi ya fita aikin fili sai ya yi horon kare kai. A Janairu muka yi namu, cikin duhu, domin daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Fabrairu rana ba ta leƙowa ko kaɗan. Da fitilar goshi muka yi komai.

Kowa bindiga yake ɗoki. Ba a fita bayan gari sai da abin korar farin beyar: ƙaramar bindiga mai harba wuta don razana shi, da babba don ranar da babu makawa. Tun 1973 aka hana farautarsa, wanda kuma ya harbe shi sai ya amsa tambayoyin hukuma. Malamarmu ta ce in kun hango shi, ku tattara ku bar masa wurin. Shi ke nan.

Inda na ji jiki shi ne tonon wanda dusar ƙanƙara ta zaftare ta binne. Kowannenmu na rataye da wata 'yar na'ura a cikin riga, tana aika sigina. Da an binne ɗaya, sauran su juya tasu zuwa nema, ƙararta na ƙara sauri kana matsowa. Sai ka zaro doguwar sanda mai naɗewa ka riƙa sokawa har ka ji ta taɓa abu mai laushi, ka bar ta a tsaye, a hau shebur. Daga gangare ake fara tono, na gaba na sara, na baya na kwashewa, ana canjin wuri kafin hannu ya mutu. Dusar da ta zaftaro ba ta da laushin da ake gani a hoto; tauri gare ta kamar fako. Jaka ce kawai aka binne mana, amma malamar na tsaye da agogo, saboda bayan minti 15 damar fito da mutum da rai tana raguwa sosai. Babu jirgin da zai iso cikin wannan lokaci. Ranar 19 ga Disamba 2015, da dusa ta sauko daga dutsen Sukkertoppen ta afka wa gidaje 11 a garin Longyearbyen, mutum biyu suka rasu, maƙwabta ne suka fara fitowa da shebur.

Ba wai hukuma ba ta da shiri ba. Gwamnan Svalbard na da jirage masu saukar ungulu biyu, su ne suka kwashe ma'aikata 14 na jirgin kamun kifi Northguider da ya maƙale a mashigin Hinlopen a ƙarshen 2018. Sai dai in iska ta taso, tashin jirgi kan gagara, asibitin garin kuma ƙarami ne, mai babban rauni sai an kai shi birnin Tromsø da ke arewacin Norwe. Ni dai a ganina rabin horon koyon jira ne: kafa tanti, shimfiɗa wa majinyaci abin da zai raba shi da ƙanƙara, narkar da dusa a sha ruwan zafi.

Ƙananan abubuwa ma suna da yawa. Batir yana mutuwa a sanyi, don haka wayar Iridium, mai aiki da tauraron ɗan'adam, a aljihun ciki take kwana. Rigar auduga ba ta da amfani, in ta sha gumi sanyi take ja maka. Ulu ake sawa. Ka riƙa duba fuskar abokin tafiyarka: farin tabo a hanci ko kumatu alamar sanyi ya fara cin fata ne, shi kuwa ba ya ji. Ka cire safar hannu ka ɗora tafinka a wurin, ban da murzawa.

Kafin a fita, ana rubuta hanya da lokacin dawowa a bar wa wani a gari. In shiri ya canza a kira a faɗa, don da lokacin ya wuce za a fara neman ku, kuma a hanyar da kuka rubuta za a nema.