Daga Oslo zuwa Bergen, kafin mu hau jirgi

Alhamdu lillahi, mun iso Bergen lafiya. Gobe da dare za mu shiga jirgin ruwan Hurtigruten, kamfanin da tun 1893 jiragensa suke bin gaɓar tekun Norway, mu nufi Kirkenes can kusa da iyakar Rasha. Amma wallahi zuciyata tana hanyar da muka baro.

Kwana 2 muka yi a mota, ni da maigidana, a kan titin E16. Daga Oslo har Fagernes daji ne kawai, dogayen itatuwa cunkus, tafkuna shiru kamar ba a taɓa taɓa su ba. Mun tsaya sallar azahar a bakin wani tafki, ruwan alwala ya sa yatsuna suka ƙage don sanyi, ga shi kuma watan Yuni ne. Na jima zaune bayan sallama, ban so tashi ba.

A Borgund muka ga cocin nan na katako mai shekara sama da 800, baƙi wuluk saboda kwaltar da ake shafa masa don kada ya ruɓe. Sai ramin Lærdal da motoci ke bi, kilomita 24.5 a cikin dutse! An sassaƙa manyan kogo 3 a ciki masu shuɗin haske, don kada barci ya ɗauki direba.

Abin da ke raina yanzu shi ne Tromsø, wani gari can arewa da jirginmu zai tsaya, inda rana ba ta faɗuwa a wannan lokaci. Na tambayi malaminmu yadda zan lissafa magariba da isha, ina jiran amsarsa.