Aikin turakun sadarwa a zafin Makka

Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu Hausawa mazauna Makka da Jidda, idan suka ji cewa a harkar sadarwa nake aiki, sukan ɗauka zaman ofis nake yi cikin sanyi. Alhali kuwa mu ne masu hawa turaku, mu canja batir, mu duba janareta, mu haɗa waya idan ta tsinke. Kuma ba babban kamfanin da ya mallaki turken ne ya ɗauke mu ba. Wani ƙaramin kamfani ne da ya karɓi kwangila a hannunsa, shi ne kafilinmu, sunansa ne a igamarmu, wato takardar izinin zamanmu a ƙasar.

A rubuce, dokar ƙwadago ta Saudiyya ta yi wa ma'aikaci tanadi mai kyau. Ta ƙayyade aiki awa 8 a rana, ta rage shi zuwa awa 6 ga Musulmi a watan azumi, ta kuma wajabta ƙarin kuɗi a kan duk awar da ta haura. Haka nan daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba an hana sa mutum aiki a rana tsakanin ƙarfe 12 da ƙarfe 3. Sai dai wannan hani bai haɗa da masu gyaran gaggawa ba, muddin an ɗauki matakin kare su daga zafi, kuma ta nan ake cutar da mu. Da yake ana cin ɗan kwangila tara idan turke ya daɗe babu sabis, kowace matsala, komai ƙanƙantarta, sai a kira ta gaggawa, a tura mu da tsakar rana, sharaɗin kariyar kuwa a manta da shi.

A Hajjin 2024 ranar Arfa ta faɗo daidai 15 ga Yuni, ranar da hanin ya fara aiki. A waɗannan kwanaki zafi ya haura digiri 50 a Makka, alhazai fiye da 1,300 suka rasu, Allah Ya jiƙansu. A cikin wannan zafi muka yini tsakanin Mina da Arfa, muna kama ƙarfen da ko da safar hannu sai ya ƙona mutum. Wallahi ban taɓa ƙyashin wannan hidima ba, domin na san dattijuwar da ta ɓace wa ayarinta, da wannan sabis za ta nemo su. Abin da yake ci mini rai shi ne mu nemi ruwan sanyi da rumfa da abokin karɓa-karɓa a ce babu, sannan a ƙarshen wata awannin da muka ƙara su ɓace daga takardar albashi.

Tun Maris na 2021 baƙon ma'aikaci yana iya sauya wurin aiki bayan shekara guda ba da yardar kafili ba, amma guraben sun yi ƙaranci, musamman tun da aka keɓe shagunan sayar da waya da gyaranta ga 'yan ƙasa a 2016, sana'ar da a da take riƙe da matasanmu. Shi ya sa mutane suke shiru. Ni dai ina roƙon manyan kamfanoni, duk lokacin da za su sabunta kwangila, su buƙaci ganin rajistar awanninmu da shaidar biyansu kafin su sa hannu.