Aikin taswira da muke yi a Maradi

Sana'armu haɗa taswira ce wadda mutum zai buɗe a wayarshi ya ja ta da yatsa ya matso kusa. Mu kaɗan ne a ofis, yawanci ƙungiyoyi da masu gonaki na wajen Madarounfa da Tibiri ke kawo mana aiki, kuma kusan kowa abu ɗaya yake so, a sa mishi komai wuri guda, rijiyoyi da famfuna waɗanda ɗigo ne, hanyoyi da burtali waɗanda layi ne, sai gonakin bakin Gulbi masu iyaka kewaye.

To nan aikin yake. Shapefile, wato nau'in fayil ɗin taswira na kamfanin Esri da mutane suka saba da shi, baya ɗaukar siffa biyu a fayil ɗaya, ɗigo daban layi daban, ga shi kowane sai ya zo da fayiloli uku tare, .shp da .shx da .dbf, wani ya turo maka ɗaya ta WhatsApp ya ce ya gama. Shi ya sa muke maida komai zuwa wani nau'in fayil mai suna GeoJSON a cikin manhajar taswira ta QGIS, don GeoJSON yana haɗa su duka, sai Leaflet, manhajar da ke nuna taswira a shafin intanet, ta ɗora su bisa OpenStreetMap, taswirar duniya ta kyauta. Amma dole kowace siffa ka faɗa mata yadda za ta fito, kuma gonaki su fara shiga sannan hanyoyi sannan rijiyoyi a sama, in ba haka ba launin gona ya rufe rijiya mutum yana ta dannawa babu abin da ya buɗe.

Abin da na fi jaddada ma yaran ofis shi ne lambobin da ke nuna inda wuri yake a taswira. Ƙa'idar GeoJSON ta 2016 gabas take fara sawa sannan arewa, Maradi kuwa tana wajen 13,5 arewa da 7,1 gabas, in aka juya su wallahi rijiyar Maradi sai ka same ta can kusa da Ngaoundéré a Kamaru. Masu awon fili kuma da mita suke kawowa a tsarin awo na UTM 32N, sai an canza shi zuwa WGS 84, tsarin digiri da GeoJSON ke amfani da shi, tukuna.

Iyakokin gonaki muna rage musu ɗigo kafin mu ɗora, don mai aikin yana ƙauye da intanet mai rauni, fayil mai nauyi ba zai buɗe mishi ba. Na asali dai muna ajiye shi yadda yake, ko da wata rana rigimar iyaka ta taso.