Gahawar da na yi shekaru ina ƙonawa

Ranar Asabar da ta wuce na tarar da ɗan ƙanena a tsakar gida ya hura gawayi a kurfoti, ya ɗora kaskon suyar gyaɗar mahaifiyarsa, yana shirin juye ɗanyar gahawa kilo 2 da aka kawo masa daga Gembu, can kan tsaunin Mambilla, duka a lokaci guda. Muciya na hannunsa na dama, waya na hannun hagu. Da na tambaye shi yaushe zai sauke, sai ya ce, "Baffa, ai sai ta yi baƙi ƙirin tana ƙyalli, a lokacin ne take da ƙarfi." Na yi shiru, domin maganar da na yi fiye da shekara 10 ina faɗa wa mutane ce ta dawo mini ta bakin yaro.

A Omdurman, birnin nan na ƙasar Sudan, na fara shan gahawar da aka soya a gabana, wurin matan da ke sayar da jabana, wato gahawa irin ta Sudan, a bakin titi. Suna soya ta a ɗan kasko har ta yi duhu, su daka a turmi, su dafa da citta, su zuba a ƙananan kofuna da sukari mai yawa. Na dawo gida da yaƙinin cewa na ƙware, alhali baƙin kawai na gani, ban lura da hannun da ba ya daina juyawa ba. Ƙwayar gahawa tana yin ƙarar fashewa sau biyu a kan wuta. Ta farko tana zuwa idan zafinta ya kai wajen digiri 196 a ma'aunin Celsius, tana tas-tas kamar gugguru, ta biyu kuma, wadda ba ta kai ta farko ƙarfi ba, wajen digiri 224. Daga nan mai yake fitowa a jikinta, ɗanɗanon ƙasar da ta tsiro yana gudu, na gawayi yana shigowa. Ni kuwa sai na bar ta biyun ta wuce, hayaƙi ya turnuƙe gidan har uwargida ta kwashe shanyarta, sannan in sauke ina alfahari.

Ba zan ɗora wa kaina laifin duka ba. Babu wanda ya koya mini, ba ni da ma'aunin zafi, kuma gahawar da nake samu a kasuwa a lokacin tsohuwa ce mai tsakuwa a ciki, wadda baƙar suya ke rufa wa asiri. Matan Omdurman ma ba su yi kuskure ba, tasu an yi ta ne domin citta da sukari. Amma me zan ce game da 'yar Yirgacefe, ta ƙasar Habasha, da wani aminina ya yo mini tsarabarta, na ƙona rabinta a zama ɗaya, na kuma daka a turmin da aka daka yaji da safe? Abokaina na majalisa sun kurɓa, suka ce, "Alhaji, wannan akwai ƙarfi," suka bar kofunan da saura. Na ɗauka yabo ne.

Kiran sallar La'asar ne ya cece ni. Wata rana aka kira sallar daidai lokacin da ƙarar farko take ƙarewa, na juye ragowar ta Habashan a faifai na tafi masallaci ina ganin na yi asara, domin launinta bai wuce na dabino ba. Bayan kwana 3 na daka ta don kada a zubar, sai na ji ƙamshi mai kama da na fure da ɗan tsami irin na lemo, abin da ban taɓa sanin yana cikin gahawa ba. Daga baya na fahimci cewa ƙonawa ba ta ƙara sinadarin da ke kore barci. Wannan ya danganta ne da irin ƙwayar, domin irin da ake kira robusta ya kusa ninka wanda ake kira arabika wajen yawan sinadarin, da kuma yawan garin da aka zuba wa ruwa.

Na yi niyyar zaunar da yaron in yi masa dogon karatu, amma da na ga idonsa yana komawa kan waya, sai na taƙaita. Ku soya cikin tafin hannu biyu kawai a kan matsakaiciyar wuta, kuna juyawa na minti 10 zuwa 15, ku sauke jim kaɗan bayan ƙarar farko, ku sheƙe ta a faifai ta huce da sauri, ƙaiƙayinta ya fita. Kada ku dogara da agogo, kunne da hanci ne ke suya. Duk da haka ku rubuta mintin kowace suya a takarda, domin na san ku, gobe za ku manta. Kuma ku ajiye wayar nan! Yaran yanzu suna so su ɗauki hoton abu kafin su iya shi.

Wajen ɗanɗano, a bar ta ta kwana biyu ko uku, a zuba ruwa mililita 150 da ya ɗan sauka daga tafasa a kan gari giram 8, a jira minti 4, a ture abin da ya taso da cokali ana shaƙa, sannan a zuƙa da ƙarfi, a sake zuƙa idan ta huce. Ban da sukari, ban da citta, ban da kanumfari. Ni kaina har gobe ina jefa citta a tawa da daddare, amma ni na riga na biya kuɗin makaranta.

Ya yarda ya soya kaɗan. Ana tsakiyar ƙarar farko wayarsa ta yi kuka, ya ce, "Baffa, minti ɗaya," ya miƙo mini muciyar. Ragowar gahawar yanzu tana ɗakina, makullin yana aljihuna.