Hutun haihuwa a Kamaru: ki tabbatar da lambarki ta CNPS tun kafin ciki ya fito

Malama a makarantar kuɗi a Garwa, ko mai sayar da magani a famasi a Marwa, in ciki ya bayyana sai mai aiki ya ce ta je gida ta huta, in ta yaye a gani. Wannan kora ce da aka yi wa laƙabi da hutu, kuma doka ta hana ta.

Sashe na 84 na Dokar Ƙwadago ta 1992 ya ba ma'aikaciya hutun mako 14, farawa daga mako 4 kafin ranar da likita ya ƙiyasta za ta haihu. In cikin ko haihuwar ya jawo rashin lafiya, takardar likita na iya ƙara mata mako 6. Muddin tana cikin wannan hutu ba a sallamarta, kuma CNPS, wato hukumar ƙasa mai kula da fansho da inshorar ma'aikata, ita ce ke biyanta kuɗi daidai da albashin da take karɓa.

Matsalar takan fara ne tun da wuri. CNPS ba ta biyan wadda ba ta san da ita ba. Mata da yawa suna ganin ana cire musu kashi 4.2 cikin ɗari kowane wata, sai hankalinsu ya kwanta. Wannan kuɗin na fansho ne. Kason da ake biyan haihuwa da shi, mai aiki ne kaɗai ke zubawa, kuma wasu ba sa zubawa, wasu ma ba su taɓa yi wa ma'aikaciyar rajista ba. Ki je ofishin CNPS da katin shaidarki ki tambayi lambarki, ki ga ko ana shigar da watanninki. Ana buƙatar wata 6 a jere kina aiki kafin hutun, don haka gyara a wata na takwas na ciki ya makara. Ki adana takardun albashinki duka, ko sun yamutse.

Sanar da ciki da baki, 'yar'uwa, shi ne abin da ya fi cutar da mu. Kunya takan sa a raɗa wa shugabar makaranta a kunne, daga baya kuma a musa. Ki rubuta wasiƙa, ki haɗa da takardar awo daga asibiti, ki sa a buga hatimi a kwafinki da kwanan wata. Kada ki sa hannu a takardar ajiye aiki, ko da an yi miki alkawarin dawowa.

Bayan kin koma, kina da izinin shayarwa na awa ɗaya a rana har jariri ya kai wata 15. Hutunki na shekara kuma yana ƙaruwa da kwana 2 kan kowane yaro da bai kai shekara 6 ba. In aka hana ki, ki kai ƙara ofishin sufeton ƙwadago. Shi zai fara zama da ku don sulhu, in ya gagara ya ba ki takardar da za ki tafi da ita kotu.