Kafin ku cike fom ɗin JAMB, ku zauna da iyayenku

Ƙannena, a gidajenmu da yawa an gama raba kwasa-kwasai tun kafin yaro ya san me yake so. Mace sai likitanci, jinya ko koyarwa, namiji sai injiniya ko lauya. Da yawa daga cikinmu mun yi shiru aka zaɓa mana, kuma shirun ne ya cuce mu.

Tun a SS1 ake yanke hukuncin, lokacin da ake raba ɗalibai ajin kimiyya, na adabi da na kasuwanci. Yarinyar da aka ce injiniya ba aikin mata ba ne ta yi sakaci da lissafi, ranar da ta farga ba ta da kiredit a WAEC ko NECO, ƙofar ta rufe. JAMB, jarrabawar shiga jami'a, darussa huɗu ce, Turanci dole. Likitanci yana son Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Injiniya kuwa Lissafi, Fiziks da Kemistiri. Wadda ta rubuta haɗin likitanci ba za ta iya komawa injiniya a shekarar ba, ko ta biya kuɗin canjin kwas, domin babu lissafi a ciki.

Burin a samu likita mace da za ta duba matanmu buri ne mai kyau, amma guraben kaɗan ne, makin kuma yana da tsauri. Sai yarinya ta yi ta maimaita jarrabawa, a ƙarshe a jefa ta wani kwas da ba ta taɓa nema ba. Namiji mai son jinya shi ma ana hana shi, alhali ɗakin maza a asibiti yana buƙatarsa.

Ku tambayi Abba da Umma cikin ladabi me suke tsoro. Sau da yawa nisa ne, ko zaman hostel, ko jinkirin aure. Ku zo da amsa: injiniya shekara 5, digirin jinya ma 5, likitanci 6 ban da shekarar horon asibiti. In nisa ne, ku duba ƙasidar JAMB ko kwas ɗin yana BUK Kano, ABU Zariya ko Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. In maganar ta yi muku nauyi, ku nemi kawu, gwaggo ko malamin da suke jin maganarsa, zai fi kyau mai yin aikin da kuke so, ya zo gida kafin a buɗe rajista.